Mas'alar Kifin Teku: Hukuncin Cinsa Da Hukuncin Kamunsa

  

Wani almajiri ya aiko wa jam'iyyarmu da tambaya. Ya ce kifin nan na ƙanƙara da a ke kawowa cikin kwali daga bakin teku, wanda mata ke soyawa a bakin titi, ba a san wanda ya kama shi ba, ba a san yadda ya mutu ba, shin ya halatta a ci? Jawabin wannan gajere ne: ya halatta. A mazhabar Imamu Malik dabbar ruwa ba ta bukatar yanka, mushenta halal ne, ko Musulmi ya kama ta ko waninsa. Asalin hukuncin yana cikin Suratul Ma'ida, Muwaɗɗa ta yi masa babi, Muhtasar ma ta kawo shi. Ɗan'uwa, ci kifinka.

Amma na so a ce ya ƙara tambaya ta biyu, ya ce, to, ta wace hanya a ke kama kifin teku a zamanin nan, kuma mene ne hukuncin wannan hanya? Domin halaccin cin abu dabam, halaccin hanyar samunsa dabam. Miyar kuka halal ce ga kowa, amma wanda ya sare kukar gari tun daga gindi don ya kai ga ganyen, ba za a ce bai yi laifi ba don miyarsa halal ce. Mun daɗe muna amsa tambaya ta farko, ta biyu kuwa ban taɓa jin an yi ta a zaure ba.

Ni ban yi karatun boko ba. Labaran da zan kawo, na sa an karanta mini su daga rubutun masu binciken teku, na yi ta maimaita tambaya har suka zauna mini. Wannan ba baƙon abu ba ne a fiƙihu, don mai fatawar azumin majiyyaci ya kan tambayi likita tukuna, sa'an nan ya yi hukunci. Shekarun da zan ambata duka lissafin Miladiyya ne.

Ku sani, ya 'yan'uwa, mutane sun daɗe suna cewa kifin teku ba ya ƙarewa. Ba jahilai kaɗai ba. A 1883 wani babban masanin Ingila, Tomas Hakzili, ya tsaya gaban taro a London ya ce manyan wuraren su na teku, duk abin da ɗan Adam zai yi ba zai rage su ba. A zamaninsa maganar tana da kama da gaskiya, don yawancin jirage da iska su ke tafiya, kamu kuwa da ƙugiya da ƙarfin damtse. Abin da bai hango ba shi ne ranar da inji zai ja taru.

Ga abin da ya faru. A gabashin Kanada akwai tsibiri sunansa Niyufanlan, a ruwansa akwai kifin da su ke kira kod. Wanda ya san busasshen kifin nan na Norwe mai tauri kamar itace, wanda mutanen kudu ke sa wa miya, ya san jinsinsa. An ruwaito cewa da matuƙin jirgi Jon Kabot ya isa wurin a 1497, mutanensa kwando su ke zurawa cikin ruwa su ɗebo kifi, don yawansa. Aka yi kusan shekara 500 ana kamu, kaka ya bar wa jika, kifi bai ƙare ba. Sai a 1954 aka fito da wani jirgi a Birtaniya mai suna Fairtry, wanda ke jan taru da inji, ya feɗe kifin a cikinsa, ya daskarar da shi nan take, ya yi makonni bai ga tudu ba. Ƙasashe suka kwaikwaya, irinsa suka cika ruwan. Suna da wata na'ura mai aika amo cikin ruwa, amon ya dawo ya nuna inda garken kifi ya ke, ko da dare ko da rana. A 1968 kaɗai aka kwashe fiye da ton 800,000. A 1977 Kanada ta kori jiragen baƙi daga mil 200 na gaɓarta, aka yi murna, sai ita kuma ta gina nata jiragen ta ci gaba daga inda suka tsaya.

A nan akwai abin lura ga ɗalibi. Ƙananan masunta na bakin gaɓa, masu kwale-kwale, tun cikin shekarun 1980 su ke kuka cewa kifi ya ragu, wanda a ke samu ma ƙanana ne. Ba a saurare su ba, don manyan jirage suna dawowa maƙil, masu lissafin hukuma kuma da kamun manyan jiragen su ke auna yawan kifi. Ashe kifin in ya ragu sai ya taru wuri guda, na'ura kuwa ta kai jirgi daidai wurin. Misalinsu kamar mutum ne ya je rijiya ɗaya tak da ta rage da rani, ya ga shanu sun yi dafifi a bakinta, ya koma gida ya ce bana ƙasa cike ta ke da shanu. Ran 2 ga Yuli 1992 ministan harkar kamun kifi na Kanada, Jon Kurosbi, ya rufe kamun. Abin da ya rage a lokacin kimanin kashi 1 ne cikin 100 na yawansa na dā. Mutum wajen 30,000 suka wayi gari babu sana'a, cikin shekara 10 kimanin ɗaya cikin goma na mutanen lardin suka bar shi. Aka ce rufewar ta shekara 2 ce. Sai da ta yi 32, aka buɗe a 2024 da iznin ton 18,000 kacal. Ku gwada wannan da na 1968.

To, wannan kifi ne mai saurin haihuwa, mace ɗaya ta kan zuba ƙwai miliyoyi, ga abin da ya same shi. Yanzu ku ji na wanda ya fi shi rauni.

Da kifin kusa ya ragu a wurare da yawa, sai jirage suka nausa can tsakiyar teku, suka zura taru ƙasa, mita 800, mita 1,000, har 1,500. Mita 1,000 ta fi gaba 500. Mu kan ce wane ya faɗa rijiya gaba dubu don mu nuna abin da ba shi da mafita, ashe akwai masu kamun kifi a rabin wannan zurfi kullum. Can ƙasa babu hasken rana, ga sanyi kusa da na ƙanƙara, babu tsiro, abinci sai ɗan abin da ya gangaro daga sama. Saboda haka Allah Ya tsara rayuwar halittun wurin bisa jinkiri: girma a hankali, haihuwa a makare, rai mai tsawo.

Daga cikinsu akwai wani jan kifi, Turawa na ce masa oranj rafi. Sunansa na farko a bakinsu ma'anarsa mai kai da yauƙi, 'yan kasuwa suka ga ba mai sayen abu da wannan suna, suka sauya masa. Halin dillali ɗaya ne ko'ina. Wannan kifi ba ya fara haihuwa sai ya shekara 20 zuwa 30, ya kan kuma wuce shekara 100 a raye. Yadda mu ke duba haƙoran doki mu san shekarunsa, haka su ke duba wani ɗan dutse da ke cikin kunnen kifin, mai zobe-zobe, su ƙirga. Ƙwansa dubbai ne, ba miliyoyi ba. Ku tuna tarwaɗa da karfasa, waɗanda shekara guda ta ishe su su girma su hayayyafa, ku ga nisan da ke tsakani. Kifin da wani ya soya a Amurka a 1990, mai yiwuwa an ƙyanƙyashe shi tun Turawa ba su shiga Sakkwato ba.

Aka fara kamunsa da ƙarfi a 1979 a gabashin Niyu Zilan, a wani tudu na ƙarƙashin ruwa da a ke kira Catam. A 1989 aka gano wani garke a gabashin Tasmaniya ta Ostireliya. Al'adar kifin, in lokacin zuba ƙwai ya yi, sai ya taru a kan duwatsun ƙarƙashin teku, daidai nan a ke sakar masa taru. Cikin 'yan mintoci taru ya cika da ton gomomi, wani lokaci har ya fashe don nauyi, kifin ya zube a banza. Da fari aka yi masa lissafi kamar kifin sama mai saurin girma, aka ba da iznin kamu mai yawa. Kafin a gane tsawon ransa, garkuna da dama ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na asalinsu ba. Niyu Zilan ta rufe wani babban yanki a 2000, Ostireliya ta rufe mafi yawan nata a 2006. Gaskiya ita ce bayan rufewar wasu garkunan sun ɗan farfaɗo har aka sake buɗe su da awo. Wannan hujja ce cewa hani yana da amfani, in an yi shi da saura.

Amma kifin ma shi ne ƙaramar hasara. Ku dubi tarun kansa. Jaka ce ƙatuwa mai faɗin baki, a gefe biyu an ɗaura mata ƙyamare na ƙarfe don su buɗe bakin, a manyan jirage kowane ƙyaure nauyinsa ya kan kai ton da yawa. A leɓenta na ƙasa akwai sarƙa da manyan gargare, ana jan su bisa ƙasan teku sa'o'i. Duk abin da ke tsaye a hanya sai ya kwanta. Me ke tsaye a can? Murjani, wanda Allah Ya ambata cikin ni'imominSa a Suratur Rahman. Murjanin zurfi halitta ce mai rai, tana yin rassa kamar kurmi, ƙananan kifaye da sauran halittu a cikinta su ke fakewa su yi kiwo. Girmansa a shekara bai wuce faɗin farce ba, wani ma bai kai haka ba. A ruwan Hawayi an auna wani baƙin murjani aka tarar ya wuce shekara 4,000, watau yana nan tsaye fiye da shekara 2,000 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Irin wannan, jan taru ɗaya ya ishe shi.

Masu bincike sun zura na'urar ɗaukar hoto a duwatsun kudancin Tasmaniya. Waɗanda ba a ja taru a kansu ba, a lulluɓe su ke da murjani, waɗanda aka yawaita ja kuwa sun koma fā tsirara. A Niyu Zilan an hana jan taru a wasu duwatsu a 2001, aka yi ta komawa dubawa har shekara 15, ba a ga farfaɗowar kirki ba. A Norwe masanansu sun ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na murjanin ruwansu ya taɓu. Kuma taru ba ya zaɓe, ya kan haɗo da abin da ba a so, a watsar da shi cikin ruwa. Halittar da aka fizgo daga wannan zurfi ba ta rayuwa, ko an mayar da ita. An ruwaito gargaɗin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a kan wanda ya kashe ɗan tsuntsu guda ba don ci ba. Ina ga ton-ton?

Ra'ayina, kuma ina roƙon malamai su duba shi, shi ne jan taru a ƙasan teku mai zurfi, a inda murjani da irin waɗannan kifaye su ke, ɓarna ce, wajibi ne masu iko su hana ta. Dukiyar teku ta fi kama da hubusi, a ci amfaninsa a bar asalinsa. Mai kama abin da kifi ya haifa bana ya ci amfani. Mai kwashe uwayen da suka shekara 100, ya kuma rushe gidansu, ya sayar da asali, masu haƙƙi a ciki kuwa har da waɗanda ba a haifa ba tukuna.

In ka ce kifin teku mubahi ne, wanda ya riga kai hannu shi ke da shi, sai mu ce haka ne, amma mubahi yana da iyaka, iyakarsa cuta. Dubi hukuncin ruwan kwari da ya zo a Muwaɗɗa: mai gona ta sama ya kan tare ruwa har ya kai idon sawu, sa'an nan dole ya sake shi ga na ƙasa. Rigaye ya ba shi fara sha, bai ba shi shanyewa ba. Kuma toshe ƙofar ɓarna tun ba a shiga ba, ginshiƙi ne a mazhabarmu.

In ka ce arziki na Allah ne, kifi ba zai ƙare ba sai Ya so, sai mu ce babu shakka, amma Shi ne Ya rataya abubuwa ga sabubbansu. Manomin da ya daka irin shukarsa ya yi tuwo, ya ce ya dogara ga Allah, babu malamin da zai kira wannan tawakkali. Suratur Rum kuwa, da ta ambaci ɓarnar tudu da ta teku, ga aikin hannun mutane ta jingina ta.

In ka ce ai talaka na bukatar kifi mai araha, hani zai ƙara masa yunwa, to, wannan ita ce magana mai nauyi, ba na raina ta. Amma a duba. Duk abin da tarun zurfi ke kamowa bai kai kashi 1 cikin 100 na kamun duniya ba, kuma mafi tsadarsa teburin mawadata ya ke zuwa. Har ma wani bincike na 2018 ya nuna fiye da rabin wuraren su na tsakiyar teku ba za su biya kuɗin mai da ma'aikata ba, in ba don tallafin da gwamnatoci ke ba jiragensu ba. Watau ana ɗibar kuɗin baitulmali a biya mutum ya rushe abin da ba ya ginuwa. Kifin da ke cikin kwalayenmu, irin su taitus da shawa da kote, mafi yawansa na saman ruwa ne mai saurin haihuwa, hana tarun zurfi ba zai taɓa shi ba. Sai dai kada mu saki jiki, shi ma hannu ya yi masa yawa. Ƙasashen arewacin Turai sun shekara da shekaru ba su daidaita a kan rabon taitus ba, kowa na yanka wa kansa, jimlar ta wuce abin da masana suka ce a kama. A Nuwadibu ta Muritaniya kuwa ana niƙe ƙananan kifayen da talakan Afirka ta Yamma ke ci, a mai da su gari, a kai wa kifin kiwo na Turai da Asiya. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ne a ke kamawa fiye da ƙima, a 2021 sun wuce kashi 37. Ranar da kwali ya yi tsada a Legas, mai soyawa a Kano ita ce za ta fara ji.

Maganin ba baƙo ba ne gare mu. Sunansa hima, watau shugaba ya keɓe wuri ya hana taɓa shi don maslahar jama'a. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umaru ya keɓe Rabaza. Ko a Argungu, ba don an hana su a Matan Fada sauran watanni ba, da ba a ga giwan ruwa ranar buki ba. Norwe ta hana jan taru a murjanin Sula a 1999. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe su rufe irin waɗannan wurare masu rauni. A 2016 Tarayyar Turai ta hana jan taru ƙasa da mita 800 a ruwanta na arewa maso gabashin Atlantika. A 2022 ƙungiyar ciniki ta duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙulla yarjejeniyar hana tallafa wa haramtaccen kamu da kamun garken da ya riga ya ragu, ta fara aiki a 2025. Duka wannan abin yabo ne, ko daga wa ya fito.

Abin da ke cin dokokin nan shi ne hila. Jirgi na mutumin wata ƙasa sai ya sayi tutar wata ƙasa mai sakaci ya kafa. Wani ya kashe na'urar da ke nuna inda ya ke in ya kusanci wurin hani. Wani ya juye kamunsa cikin wani jirgi a tsakiyar ruwa, don kada a san inda aka kamo. Da aka karanta mini wannan sai na tuna mutanen alƙaryar bakin teku da ke cikin Suratul A'araf, waɗanda aka hana su kamu ran Asabar. Masu tafsiri sun ce sai suka riƙa kafa tarkonsu tun Jumma'a su kwashe ran Lahadi. Kowane almajiri ya san ƙarshensu. Mu kan karanta ƙissar da azumi mu wuce, kamar hilar masunta ta mutu tare da su.

Ga abin da mu ke nema. Malamin da ya kai ɗalibansa babin farauta da abinci, kada ya tsaya ga halaccin mushen ruwa, ya ƙara musu mas'alar hanyar kamu da haƙƙin na baya. Daga cikin masu zama gabanmu yau akwai waɗanda gobe za su riƙe ofis, su sa hannu a takardar iznin jiragen baƙi a ruwan Nijeriya ko Gana ko Kamaru. Dokar Nijeriya ta hana masu jan taru shiga mil 5 na bakin gaɓa don a bar wa masu kwale-kwale, wani ne zai tsare ta ko ya sayar da ita, gara ya zama ya taɓa jin hukuncin a zaure. Masu wa'azi a garuruwan masunta kuma, a Yawuri da Baga da sauransu, su sani mai zuba guba a ruwa da mai taru ƙaramin ido da ke kwashe 'ya'yan kifi, babinsu ɗaya da mai babban jirgi, girman kayan aiki ne ya bambanta.

Kada kuma wani ya ɗauki takardar nan ya tafi kasuwa yana haramta wa mutane kifin ƙanƙara. Ban faɗi haka ba. Mai saye bai san taru ba, laifin yana wuyan mai ja da mai ba shi izni.

Ƙiyasin da na yi da hubusi da ruwan kwari nawa ne. Malamin da ya ga kure a ciki ya rubuto da hujjarsa, za mu buga ta a takarda mai zuwa in Allah Ya so. Allah Shi ne Mafi sani.